Switch 2 da manet ɗinta: tambayoyin da ake ta yi a Yamai da amsoshinsu

Tun ranar 2 ga Afrilu 2025, da kamfanin Nintendo ya baje kolin sabuwar na'urar wasansa, Switch 2, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta dawowa: daga samarin fada, daga masu gidajen wasa na Bukoki da Talaje, har da iyayen da yara suka fara matsa wa lamba. Na tattara su a nan wuri guda. Sana'ata gyaran manet, wato abin da ake sarrafa wasa da shi, da na'urorin wasa, shi ya sa za ku ga na fi daɗewa a kan abin da ake riƙewa a hannu fiye da abin da ke fitowa a tele. Amsoshin, waɗanda na rubuta a Mayun 2025 kafin na'urar ta fito, sun dogara ga abin da kamfanin ya sanar da bakinsa, da kuma abin da tsohuwar Switch ta nuna mana cikin shekara 8.

Mece ce Switch 2, kuma yaushe ta shiga kasuwa?

Magajiyar Nintendo Switch ce, wadda ta fito ranar 3 ga Maris 2017. Tsarin bai canja ba: na'ura ce mai ekran a jikinta, kana iya riƙe ta a hannu, kana kuma iya sa ta cikin mazauninta ta fito a tele. An fara nuna siffarta ranar 16 ga Janairu 2025, aka yi cikakken bayani a Afrilu, ta kuma fito ranar 5 ga Yuni 2025 a Turai da Amurka da Japan.

Ekran ya ƙaru daga inci 6.2 zuwa 7.9, hoto ya tashi daga 720p zuwa 1080p, a tele kuma tana kai 4K. Ma'ajiyar ciki giga 256 ce maimakon 32. Kamfanin Nvidia ne ya yi mata ƙwaƙwalwa, kamar ta farko.

Nawa za ta kai a kuɗinmu?

A Faransa farashinta na fitowa a 2025 Yuro 469.99 ne. Tun da sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, lissafin ba shi da wahala: kimanin jika 308. Wadda aka haɗa da wasan Mario Kart World a lokacin Yuro 509.99 ce, kusan jika 335. Wannan farashin kantin Turai ne, kafin kuɗin dako, kafin duwan, kafin ribar mai butik. Ga kuma halin hanya: an rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kaya masu yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuma duk abin da ya yi wannan zagaye sai ya iso da ƙari a kansa. Ƙaramin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, ke nan na'urar kaɗai ta haura albashin wata 7.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin na'urar ba ne, kuɗin wasannin ne. Mario Kart World a kati Yuro 89.99 ne, wato jika 59, in kuma ta intanet za ka sauke, jika 52. Nintendo ba ya saurin karya farashin wasanninsa. Waɗanda suka fito tun 2017 har yanzu suna nan kusa da kuɗinsu na farko. Wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa daga Faransa, ya tuna masa cewa matafiyin da ba mazaunin Turai ba yana iya neman a mayar masa da wani kaso na harajin kanti kafin ya hau jirgi.

Wani ɗan kasuwa ya ce zai kawo mai arha daga Japan. In ba shi kuɗina?

Dakata tukuna, Alhaji. A Japan iri biyu aka fitar a 2025. Akwai ta Yen 49,980, wadda aka yi wa ƴan ƙasar kawai: harshenta Japananci ne zalla, ba Faransanci, ba Turanci, kuma ba ta karɓar asusun Nintendo sai wanda aka yi wa rajista a Japan. Akwai kuma mai harsuna da yawa ta Yen 69,980, wadda a shagon Nintendo na intanet kawai ake samunta. Ba a taɓa yin wannan rabon ba a tsohuwar Switch ta Japan, shi ya sa ƴan kasuwar da suka saba ɗauko kaya daga Dubai ko Sin za su iya faɗawa ciki ba da mugun nufi ba. Yawancin wasanni na bin harshen na'ura, don haka yaronka zai zauna gaban rubutun da ba wanda ke iya karantawa a unguwar. Ƙari a kan haka, tun ƙarshen Maris 2025 shagon Nintendo na Japan ya daina karɓar katin bankin ƙasashen waje. Duk wadda ka ga farashinta ya yi ƙasa sosai da lissafin da ke sama, fara zarginta da wannan. Yadda za ka gane ta yana cikin amsar ƙarshe.

Me ya canja a manet ɗin?

Sunanta Joy-Con 2. Har yanzu guda biyu ne, hagu da dama, masu cirewa, amma sun fi girma, kuma yadda suke kama jikin na'urar ya canja gaba ɗaya. Tsoffin ana zura su ne a kan wani layin ƙarfe daga sama zuwa ƙasa, ƙaramin makullin roba ya riƙe su. Duk mai gyara ya san wannan makulli: yana cinyewa, manet ta riƙa zamewa tana katsewa a tsakiyar wasa. Sabbin kuwa mayen ƙarfe ne ke riƙe su, a baya akwai maɓallin da kake dannawa ya ture su waje. A ganina wannan gyara ne na gaske. Wurin da zan sa wa ido shi ne ɗan harshen da ke fitowa daga cikin ramin na'urar yana shiga manet, domin hannun yara ba ya tausayin irin waɗannan abubuwa.

Maɓallan SL da SR na gefe sun ƙara girma, abin da zai daɗaɗa wa mai manyan yatsu idan an raba manet biyu ana wasa mutum biyu. An ƙara maɓallin C a ta dama, na hira da abokai. Akwai kuma babbar manet ta daban, Pro Controller, mai maɓallai biyu a baya da ramin abin saurare. Ita da Joy-Con 2 guda biyu farashinsu ɗaya a Turai a 2025, Yuro 89.99, jika 59.

Ciwon nan na analog, ƴar sandar da ake juyawa da yatsa, da ke tafiya da kansa, an magance shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Ga yadda ciwon yake. A ƙarƙashin ƴar sandar akwai siririn ƙarfe da ke goga a kan wani layi mai baƙin shafi, daga nan na'ura ke gane inda ka karkata. Yau da gobe layin na cinyewa, garin da ya kankare da ƙurar waje su taru a ciki, sai ɗan wasanka ya kama tafiya ba ka taɓa komai ba. Tsohuwar Joy-Con ta yi ƙaurin suna da wannan. A Faransa ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai ƙara a 2020, ƙungiyar BEUC ta Turai ta tattara koke kusan 25,000 a farkon 2021, a Afrilun 2023 kuma Nintendo ya amince ya riƙa gyara su kyauta a ƙasashen Turai ko da garanti ya ƙare.

Akwai wata fasaha da ake kira Hall, wadda mayen ƙarfe ke auna motsin ba tare da wani abu ya goga wani ba. Mutane da yawa sun sa rai da ita, amma wani babban jami'in Nintendo na Amurka ya tabbatar a Afrilun 2025 cewa Joy-Con 2 ba ta amfani da ita. Abin da kamfanin ya ce shi ne an sake ƙera sandar daga tushe, ta fi girma, ta fi santsi.

Yanzu ka ɗora wannan a kan ƙasarmu. Gyaran kyauta na Turai bai shafe mu ba, Nintendo ba shi da ofishi a Nijar. Ƙurar hunturu kuma tana shiga inda ruwa ma ba ya shiga. Manet da za ta yi shekara biyu a ɗakin wani a Lyon, a gidan wasan Wadata inda hannu goma ke taɓa ta kullum ba za ta kai haka ba. Tsohuwar ta zama abin da ake iya riƙewa a nan ne saboda kayan gyaranta sun cika kasuwa da arha. Na sabuwar, a lissafina na 2025, sai sun ɗauki watanni kafin su iso, kuma kafin nan in manet ta lalace, sabon haɗin guda biyu jika 59 ne.

An ce manet ɗin na zama linzamin kwamfuta. Yana da amfani?

Gaskiya ne. A gefen kowace Joy-Con 2 akwai ɗan ido mai karanta motsi; ka kifa ta a kan tebur, ka ja, ta yi aikin linzami. An nuna shi a Drag x Drive, wasan ƙwallon kwando na masu keken guragu, da Metroid Prime 4, da Civilization VII. Ga wasannin harbi da na tsara gari zai yi daɗi. Sai dai mu yawanci a tabarma ko a benci muke wasa, kuma goga gefen manet a wuri mai yashi ba abin da zan ba kowa shawara ba ne. Tsohuwar Joy-Con ma ta zo da ƙaramar kyamara a ƙasanta wadda wasanni kaɗan ne suka taɓa waiwayarta. Kada linzamin ya zama dalilin sayenka.

Ina da tsohuwar Switch. Wasannina da manet ɗina za su yi aiki?

Mafi yawan wasannin za su yi, na kati da na saukewa, kuma Nintendo na wallafa jerin waɗanda ke da matsala. Tsoffin Joy-Con da tsohuwar Pro Controller suna haɗuwa da sabuwar ba da waya ba, amma Joy-Con ba za su manne a jikinta ba, don haka sai ka tanadi wata hanyar cajinsu. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda ya karanta amsar da ta gabata a kan analog: manet ɗin da ka riga ka san gyaranta tana nan da amfaninta. Abin da ba zai bi ka ba shi ne katin ajiya. Sabuwar microSD Express kawai take karɓa don wasanni, wanda ya fi na yau da kullum tsada.

Ina da gidan wasa. Za ta iya maye gurbin PlayStation?

A yanzu, a'a. Gidan wasa a Yamai ko Tawa ƙwallo ke riƙe da shi, kowa ya sani. A 2025 kamfanin EA ya ce wasan ƙwallonsa EA Sports FC, wanda yara ke ci gaba da kira FIFA ko da yake sunan ya tsaya a FIFA 23, zai zo Switch 2, kuma ƙarfin na'urar ya isa ya ɗauke shi fiye da yadda tsohuwar ta yi. Amma hannun yaranmu a kan manet ɗin PlayStation ya tashi. Ko maɓallin X ba wuri ɗaya yake ba: a ta Sony yana ƙasa, a ta Nintendo yana sama. Mai biyan kuɗin mach ba ya son ya sha kashi saboda baƙuwar manet. GTA VI kuma, wanda ake ta jira, PS5 da Xbox Series kawai aka sanar masa.

Yi lissafi. Joy-Con ba za ta jure gidan wasa ba, dole Pro Controller biyu, jika 118. Haɗa da na'ura, jika 426 ke nan a farashin Turai, ba wasa ko ɗaya a ciki. In dala 20 kake karɓa a mach, sai an buga fiye da 4,000 kafin uwar kuɗi ta dawo. PS5 mai cin faifai jika 361 ce a can a 2025 da manet ɗaya, PS4 ta hannu kuma ta fi su duka sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda nake ganin ƙofa ita ce gidan da ya riga ya ƙoshi da ƙwallo yana neman wasu baƙi. Mario Kart World na ɗaukar mutum 4 a tele ɗaya, wato kuɗin mutum huɗu a kujera ɗaya, kuma irin wasan ne da ƙananan yara da ƴan mata ke shiga ba tare da jin kunyar rashin iyawa ba. Wannan kasuwa ce da gidajen wasanmu suka daɗe da yin watsi da ita.

Yaya za ta yi da ɗaukewar wuta da zafi?

A nan ne ta fi kowace na'ura dacewa da mu. Batir na cikinta, don haka in wuta ta tafi wasa ba ya mutuwa: ka zare ta daga mazauni ka ci gaba daga inda kake. Duk wanda ya zauna Yamai bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana mafi yawan lantarki, ya san darajar wannan. Cajarta wat 60 ce iyaka, PS5 kuwa tana shan kusan wat 200 a cikin wasa; ƙaramin pano da batir na gida sun isa su riƙe ta. Sai dai batirin, mai 5,220 mAh, awa 2 zuwa 6 da rabi yake yi, ƙasa da na Switch OLED mai awa 4 da rabi zuwa 9. Manyan wasanni a wajen awa 2 za su tsaya. Cajar tsohuwar Switch kuma ba ta isa ta fitar da hoto a tele ba, a yi amfani da wadda ta zo cikin kwali.

Zafi shi ne abokin gaba. Ma'aunin da Nintendo ya ba Switch shi ne digiri 5 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40 da rana. An sa fanka a cikin sabon mazaunin, alamar cewa na'urar na ɗumi fiye da ta da, kuma fanka ƙura take ja. Kada a bar ta a mota ko a ɗakin kwano da tsakar rana, a rufe ta da ƙyalle in ba a wasa, a sa mata na'urar daidaita wuta saboda dawowar lantarki da ƙarfi.

Dole sai da intanet? Mene ne katin mabuɗi?

Wasan da ke cikin kati cikakke ba ya bukatar intanet don a buga shi. Matsalar ita ce sabon nau'in da aka ƙirƙiro, katin mabuɗi. Kwali ne da kati kamar kowane, amma wasan ba ya ciki. Ka sa shi, na'ura ta sauke wasan gaba ɗaya daga intanet, daga baya katin ya zama shaidar mallaka kawai. Ana iya ara shi ko sayar da shi, amma duk wanda ya karɓa sai ya sake saukewa. Kamfanoni da yawa sun zaɓi wannan hanya, Street Fighter 6 na cikinsu. Cyberpunk 2077 kuwa an zuba shi cikakke a kati mai giga 64. Akwai farin layi da hoton mabuɗi a ƙasan kwalin, a duba kafin a biya.

Ga tarkon da mutane da yawa ba su lura da shi ba: Mario Kart World da ke cikin haɗin jika 335 ba kati ba ne, saukewa ake yi, giga 23 da ɗoriya. Ga mai intanet ta wayar gida ko Starlink wannan ba komai ba ne. Ga mai sayen forfe a Airtel ko Moov ko Zamani, kuɗi ne na daban da dare guda na addu'ar kada rezo ya yanke. Mafi sauƙi, wanda zai kawo maka na'urar ya sauke wasan a can kafin ya taso, a kan asusun da kai ke riƙe da kalmar sirrinsa.

Yaya ake sayen wasa ta intanet daga Nijar?

Shagon eShop bai buɗe wa Nijar ba. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ke da shi. Abin da aka saba shi ne a buɗe asusu a kan Faransa, a sayi katin kuɗi na Yuro a loda. Wasa da mutanen nesa na bukatar Nintendo Switch Online, kimanin jika 13 a shekara, ko jika 23 na iyali mai ɗaukar asusu 8, wanda abokai ke iya haɗa kuɗi su raba. Hirar maɓallin C, mai ɗaukar mutum 12, an ba da ita kyauta har 31 ga Maris 2026, bayan nan sai mai wannan rajista, kuma tana neman a tabbatar da lambar waya.

Za a iya yi mata flashe, wato kutsen da ke sa ta karɓi wasannin kwafi, kamar PS3 da PS4?

Kada ka gina lissafinka a kan haka. Switch ta farko an buɗe ta ne ta wani rauni a ƙwaƙwalwar Nvidia da aka bayyana a 2018, aka kuma toshe shi a waɗanda aka ƙera daga baya. A watan Mayun 2025 Nintendo ya sabunta yarjejeniyar masu asusu a Amurka, inda ya ce yana iya mayar da na'urar da aka yi wa kutse marar amfani har abada. Na'urar da aka hana shiga intanet kuma ba ta iya sauke wasan katin mabuɗi, ka ga asarar ta ninka.

A duniya fa, za ta karɓu ko za ta bi sawun Wii U?

Masu tsoro suna da hujja. Wii ta sayar da miliyan 101, magajiyarta Wii U ta 2012 ta tsaya a miliyan 13 da rabi, domin mutane sun ɗauka sabuwar manet ce kawai ta tsohuwar na'ura. Wannan karon sunan ba ya ruɗa kowa, kuma masu Switch sun haura miliyan 150 da wasanninsu a hannu. A Japan mutum miliyan 2.2 suka shiga ƙuri'ar sayen farko, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri cewa ba za ta isa kowa ba. A Mayun 2025 kamfanin ya yi hasashen sayar da miliyan 15 kafin ƙarshen Maris 2026. Ina ganin shekarar farko ba abin damuwa ba ce. Jarrabawar tana shekara ta biyu, lokacin da masoya sun gama saye, saura iyayen da za su kalli wasan Yuro 90 su yi tunani. Harajin da shugaban Amurka Trump ya sa wa kayan waje ma ya jinkirta odar farko a Amurka daga 9 zuwa 24 ga Afrilu 2025, ya kuma ɗaga kuɗin manet a can.

Ƙarancin nan na farkon fitowa yana da ma'ana gare mu: na farkon da za su iso Babbar Kasuwa daga hannun masu sari za su fito, da tsadar da ta wuce ƙima.

To in saya yanzu ko in jira? Kuma me zan duba?

Shawarata a Mayun 2025 ita ce a jira zuwa ƙarshen shekarar. Kafin nan za a ga yadda analog ɗin ke tsufa a hannun miliyoyin mutane, kayan gyara za su fara shigowa, wasan ƙwallon zai fito a gwada shi, farashin sari kuma zai sauka. Mai neman abin da yara za su yi wasa da shi a gida, tsohuwar Switch ta hannu za ta yi arha da zarar masu kuɗi sun fara sauyawa, kuma wasanninta da yawa a kati suke.

In ka tashi saye, a kunna ta a gabanka. Shiga saiti ka ga akwai Faransanci ko Turanci. In Japananci ne kaɗai, mayar da ita. A haɗa ta da intanet a buɗe eShop, don ka tabbatar ba a toshe ta ba. A cikin saitin manet akwai wurin gwada analog: ɗigon ya tsaya cak a tsakiya in ka saki, na hagu da na dama. Cire kowace Joy-Con ka mayar, ka duba harshen da ke cikin ramin bai lanƙwashe ba. Ka ƙirga kayan kwali: mazauni, caja, wayar HDMI, mariƙin da ke haɗa manet biyu, da igiyoyin hannu. In haɗin Mario Kart ne, ka ga wasan da idonka, ka kuma tambayi a kan asusun wa aka sauke shi, domin wasan saukewa yana bin asusun ne ba na'urar ba.